Takalman Ƙofar Baya

A ƙasar Japan, zamanin da takobi ke mulki, an yi wani makaho mai kiɗan molo, Senichi, wanda a ɓoye yake kai wa abokan gaba labari. Ran nan Sarki Kuramasa ya sa aka gurfanar da shi a gaban jakadun maƙwabta.

Sarki ya ce, "An ce leƙen asiri kake yi. Mayaƙana nawa ne? In ka faɗi daidai, zargi ya tabbata, a sare kanka. In ka kuskure, ka yi wa sarki ƙarya, a sare kanka."

Senichi ya ce, "Kai, wannan adalci da yawa yake! Dubu goma ne, ranka ya daɗe."

"Daidai! Ku kama shi!"

"Daidai mana, tunda kai ka sa na rera haka jiya, har ka ce in ɗaga murya baƙi su ji. Ashe yabonka ne asirin?"

"To, ƙarya ne!"

"Madalla. Sai a ƙirga su a gaban baƙi, kowa ya ji da nawa na kuskure."

Sarki ya dubi jakadu, ya ce, "Ku fitar min da makahon banzan nan!"

Aka tunkuɗa shi ƙofar baya, inda mayaƙa kaf suka tuɓe takalma suka shiga cin abinci. Dogarai na ta dariya yana laluben nasa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Kwana uku, saƙo ya isa wurin abokan gaba: "Su ɗari huɗu ne, rabinsu ma takalmansu sun tsinke."