Naman Watanda da Ragon Ilu

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa. Wani baƙon ciwo ya shigo ƙauyen Gangare: zazzaɓi, sai baƙin gyambo a hannu. An riga an binne mutum biyu. Na uku da ya kwanta shi ne Hashimu, ɗan Ilu maƙeri, kuma shi kaɗai Allah ya ba shi. Jama'a suka ce rijiya ce, a cike ta. Ilu dai ya zauna bakin maƙera, ya kasa hura wuta.

Inna Kubura ungozoma ta yafa mayafi ta bi gida-gida. Ta dawo ta ce kowa rijiyar nan yake sha, amma ciwon bai shiga ko'ina ba sai gidajen da suka ɗauki kaso a watandar saniyar da aka yanka ranar kasuwa. Aka ƙyale rijiya.

Barau mahauci ya ce maganar ba ta ƙare ba. Shi ma ya ci naman, dafaffe, ga shi garau. Waɗanda suka kwanta su ne suka yi fiɗa da wankin ɗanyen nama, kuma Hashimu ne ya riƙe ƙafa. Barau ya je ya karɓo fatar saniyar wurin majemi ya binne ta da zurfi, ya hana a sake yanka daga wannan garken, alhali da wuƙa yake ciyar da iyalinsa.

Kogi ya cika ya batse, asibiti kuwa yana ƙetare. Shu'aibu mai kwalekwale ya ce a sa masa yaron. Ya haye da shi, ya kuma zayyana wa likita abin da Kubura da Barau suka gano, bai rage komai ba.

"Malam, da zazzaɓi kawai ka ce mini, da maganin zazzaɓin cizon sauro zan fara ba shi," in ji likita. "Wannan daga dabba yake."

Hashimu ya dawo gida da ƙafarsa. Ba a sake binne kowa ba.

Ilu ba mai yawan magana ba ne, godiyar baki kuma ta yi masa kaɗan. Rago ɗaya gare shi. Washegari da safe ya kwance shi, ya fito ƙofar gida riƙe da igiya, ya tsaya.

To, ku da kuke zaune nan, ƙofar wa ya kamata ya nufa?