Notin da Ya Rage a Aljihun Malam Mudi

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, ana ce masa Malam Mudi. Aikinsa haɗa injunan niƙa masu aiki da lantarki a wani kamfani. Shekara goma sha tara yana riƙe da sifana. A cikin kowane inji akwai wata 'yar waya da ake ɗaurewa da noti ɗaya, don kada wuta ta ja wanda ya taɓa ƙarfen. In an rufe murfi, ba mai sake ganinta.

Ku saurara, jama'a. Ran nan ya haɗa inji arba'in, aka rufe, aka yi fenti, aka loda a mota. Ya tafi alwalar la'asar, ya sa hannu a aljihu, sai ya ji noti. Noti ɗaya. Arba'in aka ba shi, ga ɗaya ya rage.

Wa ya gani? Babu. Ga kwata a gabansa da zai iya jefa notin a ciki, ga 'ya'ya shida a gida. Ya tsaya yana jujjuya notin. Sannan ya wuce ofishin manaja.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a cikin injunan nan akwai wanda ban ɗaure wa waya ba."

Manaja ya ce, "Wanne?"

"Ban sani ba."

"Mudi, in aka sauke motar nan, aikinka ya ƙare. Je ka, ban ji komai ba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mata ne ke aiki da su, da jiƙaƙƙen hannu. A sauke."

Aka sauke. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, a na talatin da bakwai ya sami wayar tana lilo. Ya ɗaure, ya miƙa sifanarsa, ya fita.

Kuna jira in ce ya yi arziki? Bai yi ba. Gyaran tocila ya koma a bakin kasuwa, a gidan haya ya rasu, masu sallarsa ba su cika sahu biyu ba. Abin na ci mini rai har yau. Amma akwai wata mata a wani ƙauye da ta tsufa tana niƙa, ta ga jikokinta, ba ta taɓa jin sunansa ba.

Amana ita ce abin da ka yi a ƙarƙashin murfi, inda Allah kaɗai ke gani. Kai birkila, kai tela, kai mai sayar da magani, kafin ka fita masallacin nan sa hannu a aljihunka. Wane noti ne ya rage?