Nonon Dogara

Akwai wata mata mai suna Tabitha, tela ce a Samaru. A shekarar 2006 ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Dogara.

Da ta yi arba'in, ƙawar yayarta, Anti Adunni, wata ungozoma 'yar Sabon Gari, ta zo duba ta. Ta ja ta ɗaki ta ce ta je asibiti a yi mata bayanin tazarar haihuwa, domin mace kan ɗauki ciki tun kafin al'adarta ta dawo, balle in yaro ya fara cin wani abu ban da nono.

Tabitha ta yi dariya. Ta ce su a gidansu ba a ganin jini sai an yaye yaro, kuma in babu jini, ta ina ciki zai shiga?

Ga ta da baki kuma. Duk macen da ta yi kwanika a unguwar, wato ta samu ciki tana goyo, a shagon Tabitha ake yi da ita har a gaji.

Ɗinkin Kirsimeti ya taso, Dogara na wata biyar. Ta fara ɗura masa koko don ta samu zama a kan keke. Bayan wata biyu sai ga jiri, sai ga amai. Ta hau acaɓa har wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, inda ba a san ta ba, aka gwada ta. Ciki ne.

Nan ne abin ke ba ni haushi. Maimakon ta nemi wanda ya sani, sai kunya ta rufe ta. Tun tana yarinya take jin ana cewa nonon mai ciki guba ne ga yaro. Ba ta tambayi kowa ba. Ta murza ganyen shuwaka ta shafa a nono, rana ɗaya ta yanke wa jaririn wata bakwai abincinsa.

Mijinta Bernard, da ke aiki a wata masana'anta a Chikaji, ya tambayi dalili. Ta ce yaron ne ya ƙi kamawa. Shi kuma ya bar zancen, wai maganar mata ce.

Dogara ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Koko ya ƙi zama a cikinsa, gudawa ta sa shi gaba. Cikin sati uku wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi coci, Anti Adunni ta biyo da atamfa za ta ba da ɗinki. Tana ɗaga zanen goyon ta ga yadda yaron ya rame, ta ajiye atamfar. Ba ta ko zauna ba, ta tare mota suka nufi asibitin Shika.

Sai da aka sa wa yaron ƙarin ruwa Tabitha ta faɗi gaskiya, kanta a ƙasa.

"Maman Dogara, wa ya ce miki nonon ya lalace?" in ji Anti Adunni. "Da kin zo an duba ki, kin ci abinci sosai, kin ci gaba da ba shi. Bakin mutane kika ji wa tsoro, kika bar ɗanki da yunwa?"

Tabitha ta fashe da kuka. Ta ce to yanzu ma za ta ba shi.

Aka miƙo mata shi. Dogara ya kama da sauri, ya ja, ya sake ja, sannan ya saki ya ɗago ido yana kallonta. Nonon ya riga ya ƙafe.

Yaron ya tashi, amma sai da ya yi kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti, uwarsa na ba shi madara da cokali.

Darasi: Rashin ganin al'ada bayan haihuwa ba shi ne rashin ɗaukar ciki ba, kuma samun ciki ana goyo ba abin kunya ba ne da za a hukunta jariri a kansa. Ki tambayi ma'aikatan lafiya, ki daina yi da 'yar'uwarki. Maigida, kai ma maganarka ce. Ku tura wa duk mai goyon da kuka sani.