Layin da Sha-Yanzu Ya Tsallake

An yi wani akawu da ake wa laƙabi da Sha-Yanzu. In ka ce masa "bari ya huce", kafin ka rufe baki ya ƙona harshe. Aiki yake a babban shagon yayarsa, wadda ke sarar wa ƙananan kemis magunguna.

Da tsohuwar kwamfutarsu ta fara nishi kamar mai ciwon baya, sai Yaya ta sayi sabuwar kwamfuta da manhajar lissafi. Mai haɗa manhajar ya kwashe sunayen kaya da na masu saye ya zuba a sabuwa. Saura layi guda: lambar da masana'anta ke bugawa a jikin kowane zubin magani, da shagon da aka kai wa.

"Wannan sai da hannu, ɗaya bayan ɗaya," in ji mutumin. "Kuma kada a taɓa tsohuwar sai an gama."

Sha-Yanzu ya yi tsaki. "Malam, wa ka taɓa gani ya zo sayen lamba?"

Ya sallame shi, ya ce wa Yaya aiki ya kammala. Ya sa aka goge tsohuwar tas, ya kai wa 'yarsa ta riƙa wasa.

Ana nan, wata safiya wayar Yaya ta yi ƙara. Tana saurare fuskarta na sauyawa.

"Auta, masana'anta ce. Wani zubi na maganin tarin yara ya gurɓace, zai iya lahanta ƙoda. Ga lambar. Duba min shagunan da muka kai wa."

Ya zauna gaban sabuwar. Ya danna nan, ya danna can, ya gyara kujerar da ba ta karkace ba.

"Auta, da kai nake."

"Yaya, ai... tana ɗan tunani ne."

"Ita ke tunani ko kai? Ɗauko tsohuwar!"

Ya fita da gudu zuwa gida, wai ko gogewar ta bar wani abu. Ya tarar da 'yarsa gaban kwamfutar tana tseren motoci tana tari. Uwarta na tsaye da cokali, ga kuma kwalbar maganin tari da shi da kansa ya ɗauko daga shago. Idonsa ya sauka kan lambar. Ita ce.

Ya kaɗe cokalin har ya daki bango.

"Baban yarinya, lafiyarka kuwa?"

"Ta sha?"

"Ina ta sha, ka ɓarar?"

Tasa ta tsira. To na sauran mutane fa? Bai san inda ko kwalba ɗaya ta nufa ba.

Mutumin da ya ƙi aikin zaune sai ga shi yana bin kemis-kemis a rana, yana juya kwalabe. Wasu an riga an sayar. Dole Yaya ta kai sanarwa gidan rediyo da sunan shagonta. Yara biyu suka kwanta asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Hukuma ta garƙame shagon. Yaya ba ta zage shi ba, hannu kawai ta miƙa, ya ajiye mata makullai.

Darasi: sauri ya haifi nawa. In za ka kwashe bayanai daga tsohon mazubi zuwa sabo, kada ka raina layin da ba ka ga amfaninsa yau ba, kada kuma ka goge tsoho sai ka tabbatar sabo ya ɗauke komai. Abin da ka tsallake a zaune, wata rana da ƙafa za ka neme shi.