Guguwar Jajiberin Suna

Ku gyara zama. Kai mai washe baki a can baya, adana haƙoranka, wannan ba labarin dariya ba ne, kuma in na gama sai kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

A wani ƙauye da ake kira Tungar Marke an yi wasu 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Zakari, Haladu da Lukmanu. Ƙanwarsu Ladidi ta dawo gida goyon ciki, ta haifi ɗa namiji a farkon damina. Ana gobe suna gidan ya cika maƙil da mata, wasu na daka, wasu na wanke manyan tukwane.

Bayan la'asar Zakari, babbansu, yana saman ɗaki yana gyaran jinka, sai ya ɗaga kai ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da uwarsa ta haife shi. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, amma maimakon ya zubo ruwa sai ya zuro wutsiya, faɗi a sama, tsini a ƙasa, kamar mazurarin mai man gyaɗa. Yana kallo tsinin ya taɓa ƙasa, ya tuge wata ɗorawa har saiwa, ya nufo gidansu. Ya diro yana ihun guguwa. Wallahi matan nan dariya suka yi masa. Ai mu abin da muka sani da guguwa shi ne 'yar iskar rani mai kwashe leda da ɗankwali, yara na binta da gudu. Gwaggo Tabawa ta leƙo daga ɗakin mai jego ta ce, "Guguwa da damina? Yi a'uziyya ka wuce, kada dai ka nuna ta da yatsa." Nan Zakari ya gane kalmar nan ce za ta kashe su. Sai ya sake baki: "Gobara! Gobara a rumbunan arewa!" Kafin ka ce kwabo gida ya watse, babba da yaro, kowa da bokitinsa, suka kauce daga hanyar iskar ba tare da sun san sun kauce ba.

Haladu, na tsakiya, ya isa rumbunan da sauran jama'a. Ba wuta, ba hayaƙi. Da ya waiwaya ya ga abin da ke tahowa, ya kuma ga Gwaggo Tabawa tsaye da bokiti, ita da aka bar wa jaririn saboda Ladidi ta shiga makewayi wankan jego. Ya ce, "Gwaggo, ina yaron?" Bokitin ya suɓuce daga hannunta. Haladu bai jira amsa ba, ya koma da gudu cikin abin da kowa ke gudu. Kwanon rufi na yawo a sama, ƙarar kamar ta injin niƙa a cikin kunne. Ya faɗa ɗakin mai jego ya ɗauki yaron, ya ga fita ba ta yiwuwa. Sai ya jawo ƙatuwar tukunyar ƙarfe da aka aro don tuwon suna, ya kwantar da jaririn a ƙasa, ya kife masa ita, ya tokare bakinta da dutsen murhu don iska ta shiga, shi kuma ya kwanta a kai. Jinka ta tashi, bango ya rufto masa, ya suma.

Abin bai daɗe ba ya wuce, ya koma sama kamar ba a yi ba. Mutane suka tsaya baki buɗe. Gidansu da rabin na maƙwabta sun zama fili, na kusa da su ko tsintsiya ba ta motsa ba. Ladidi ta fito daga makewayi da ranta, tana kiran ɗanta. Can aka hango jinkar ɗakin a kan wata tsamiya bayan gari, zanin goyo na reto a reshe. Aka ce shi ke nan, mutanen ɓoye sun tafi da yaro, sun haɗa da Haladu. Gari ya ɗunguma wajen tsamiya ana salati ana kuka.

Lukmanu, ƙaramin, shi kaɗai cikin maza ya ƙi bin su. Ya tsaya a kan tarin ƙasar ɗakin, ya daka wa matan da suka rage tsawa su yi shiru, har da Gwaggo, wadda bai taɓa ɗaga wa murya ba. Ya kifa kunne a ƙasa. Ya ji wani ɗan kuka siriri, sannan kukan ya ɗauke. Bai yarda a kawo fartanya ba, don kada a sari mutum. Da hannu ya tona har farcensa ya fita, ya jawo Haladu da karyayyar kafaɗa, ya ɗaga tukunya. Yaron ya yi laƙwas, ƙura ta toshe masa hanci. Lukmanu ya sa baki ya zuƙe ta, ya hura masa numfashi, ya sake hurawa. Yaron ya yi atishawa, ya tsala kuka. Ni ban taɓa jin kukan da ya yi wa mutane daɗi kamar wannan ba.

Washegari aka yi taro a filin da jiya yake tsakar gida. Uban yaron, Isiyaku, ya ce da sunan mahaifinsa ya yi niyya, amma yanzu sunan kawun da ya ceci ɗansa zai sa. Nan fa gardama ta kaure. Masu goyon Zakari suka ce ba don ƙaryarsa ba da gidan duka aka binne, har da Haladu da Lukmanu. Aka ce musu ai ƙaryar ce ta raba Gwaggo da jaririn. Masu goyon Haladu suka ce shi ya sa bayansa tsakanin bango da yaro. Aka ce musu da an ƙara jinkiri, tukunyar ce za ta zama kabarinsa. Masu goyon Lukmanu suka ce yaron ya riga ya tafi, shi ya dawo da shi. Aka ce musu da babu tukunya, me zai tono?

Rago na ɗaure, wanzami ya wasa aska, liman ya miƙo kunne yana jiran Isiyaku ya faɗa masa suna, kuma suna ɗaya ake raɗa wa yaro.

To, ku da kuke zaune, in ku ne Isiyaku, sunan wa za ku faɗa wa liman?