Tsakar Bayan Allo da Matakan Rijiya

Masu ba da labari sun ce, a wata makarantar sakandare da ke bayan gari an yi wani malamin lissafi, Malam Zakka, wanda ya shekara talatin da huɗu yana koyarwa a ɗaki guda. Dogo ne, marar yawan dariya, ko gajeren layi zai ja a allo sai ya ɗauko rula. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk ɗalibin da ya rubuta amsa bai nuna hanyar da ya bi ba, sifiri ne rabonsa, ko da amsar daidai ce.

Sai zamani ya kawo waya. Ɗalibi ya danna lambobi, kafin ya gyara zama amsa ta fito. Malam Zakka ya yi ta rabon sifiri har iyaye suka kawo ƙara. Ran wata Juma'a shugabar makarantar, Malama Lantana, ta kira shi ofis.

Ta ce, "Baba Zakka, kai ka koyar da ni, ina jin nauyinka. Amma yara ashirin da bakwai sun faɗi gwajinka alhali amsoshinsu daidai ne. Ran Litinin, ko dai ka bar su su yi aiki da wayoyinsu, ko in ba wani malami ajin ƙarshe."

Ya ce, "Ba shi. Ni ba zan tsaya ina kallon yara suna kwafar amsa daga gilashi ba."

Da aka tashi, ya koma ajin shi kaɗai don ya kwashe kayansa. Ya zauna yana duban kujerun, zuciyarsa ta yi nauyi, gama ba shi da wani abu a duniya da ya wuce wannan ɗaki. Can sai ya ji wata siririyar murya ta ce, "Malam, tafiya za ka yi ba sallama?"

Ya ɗaga kai, sai ga tsaka ta leƙo daga bayan allo. Ya kai hannu ga takalminsa.

Ta ce, "Ajiye takalmin. Kakata ta ji darasinka na farko, uwata ta ji na tsakiya, ni kuwa da naka raba lamba aka yaye ni. Na fi rabin ajin nan halarta. Amma ina ganin za ka yi irin ta Barau mahaƙin rijiya."

Malam Zakka ya ce, "Me Barau ya yi?"

Tsaka ta ce:

"A wani gari mai ƙarancin ruwa an yi wa da ƙane, Barau da Cindo, sana'arsu haƙar rijiya. Al'adar gidansu ita ce, duk kamu ɗaya da mahaƙi ya nutsa, sai ya tsaya ya sassaƙa gurbin ƙafa a bango, dama da hagu, don ya iya hawowa da kansa. Aikin yana cin lokaci. Wata shekara Cindo ya dawo daga birni da wani gargaren ƙarfe mai naɗe igiya, wanda ke saukar da mutum ya kuma ɗago shi cikin ƙiftawar ido. Ya ce, 'Yaya, an daina wahalar matakai.' Barau ya ce, 'Rijiyar da ba matakai kabari ce.' Cindo ya yi dariya ya ce, 'To kai zauna ka yi ta sassaƙa, mu za mu sha ruwa.' Mutanen gari suka bi bayan Cindo, don ƙishirwa ta dame su. Barau ya yi fushi, ya rataye dagi, ya koma gida ya kwanta.

"Kwana shida bai fita ba. Ran na bakwai matarsa Tasalla ta ajiye masa fura, ta ce, 'Maigida, kana tuna mini da Jagaba Tambai.' Ya ce, 'Wane ne kuma wannan?' Ta ce:

"'A garinmu aka yi shi. Shi ke wa fatake jagora su ƙetare dajin arewa, ya san kowane tafki da kowane kwazazzabo. Da motoci suka zo, direba ya roƙe shi ya shiga gaba ya riƙa nuna hanya. Tambai ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗora shi a mota, kuma wanda bai taka daji da ƙafarsa ba, dajin zai koya masa hankali. Ya zauna a gida. Cikin bazara motar ta lalace a tsakiyar daji. Mutum huɗu ƙishirwa ta kashe, cikinsu har da ɗan 'yar'uwarsa, alhali akwai tafki a bayan wani dutse, tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba. Mutane suka zo suna cewa, Jagaba, maganarka ta tabbata. Shi kuwa kuka yake yi, yana cewa, ina ma ƙarya na yi, ina cikin motar.'

"Tasalla ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce, 'Gaskiyarka tana nan kwance tare da kai a kan tabarma, ƙanenka kuwa yana cikin rami.'

"Barau bai sha furar ba. Ya sauko da dagi, ya nufi bakin rijiyar da Cindo ke haƙa, ya ce a ɗaura masa igiyar. Mutane suka yi shewa, 'Yau Barau ya tuba!' Da igiyar tasu ya riƙa sauka, yana rataye yana sassaƙa matakai tun daga sama, Cindo na can ƙasa yana haƙa yana yi masa tsiya. Ran na huɗu Cindo ya fasa idon ruwa, ruwan ya ɓarke da ƙarfi. Masu ja suka yi gaggawa, igiya ta goga da dutse ta tsinke. Matakan Barau kuwa ba su kai ƙasa ba, saura gaba biyu. Cindo ya yi ta fafutuka, ruwa na ɗago shi yana shaƙe shi, har yatsunsa suka kama gurbin ƙarshe. Da haka ya hawo."

Tsaka ta lashi idonta, ta ce, "Da Barau ya ƙara kwana ɗaya yana fushi, da ruwan bai kai Cindo ga komai ba sai bango mai santsi. Malam, yaran nan sun riga sun sauka tasu rijiyar. Ba su jiran izininka."

Malam Zakka ya ce, "Shekara nawa ina ce musu su nuna hanya, ban taɓa barin su su ga ranar da za su neme ta ba. Na ji, tsaka. Ran Litinin ina nan."

Ran Litinin ya shiga aji ya ce, "Kowa ya fito da wayarsa." Yara suka dubi juna, suna zaton kwacewa zai yi. Ya ce, "Rufin ajin nan ya tsufa. Ga awon ɗakin, ga awon kwano ɗaya. Ku tambayi wayoyinku kwano nawa za a saya." Da gangan ya rubuta wasu awon da mita, wasu da santimita.

Nan da nan hannaye suka tashi. Wani ya ce casa'in. Wani ya ce dubu tara. Wata ta ce ko kwano ɗaya ba zai ƙare ba.

Aji ya kaure. "Dubu tara? Garin duka za ka rufe?" "Wayarka ta tsufa kamar babur ɗin babanka!" "Malam, wanne ne daidai?"

Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Ku tambayi wayar."

"Mun tambaye ta, abin da ta faɗa take ta maimaitawa."

Sai Rifkatu, mai amsar kwano ɗaya, ta miƙe ta ce, "Malam, in rubuta abin da na ba ta tun daga farko, mu ga inda na kauce?"

Ya miƙa mata alli. A layi na uku ta tsaya, ta dafe kai, ta ce, "Kai! Santimita na zuba mata a matsayin mita." Kafin ta zauna, mutum biyar sun yi layi suna jiran allin, kowa da wayarsa a hannun hagu.

Malama Lantana, wadda ta zo da sabon malamin a bayanta, ta jima tsaye a bakin ƙofa. Daga bisani ta ce a hankali, "Baba, ajin naka ne."

Malam Zakka bai waiwayo ba. Ya ce, "Lantana, ko ki shigo ki zauna, ko ki matsa. Kina tare wa yara haske."