Mai Saba da Ɗakin da Aka Rufe

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Gwarzo, ba da daɗewa ba. Ba zan kama sunansa ba. Yana da 'ya'ya, kuma ba tona shi na zo yi ba.

Mai gyaran waya ne, shagonsa yana bakin titi. Ya iya aikinsa, ba ya fashin jam'i. A shekarun nan samari suka kamu da wani wasa na waya wanda ake shiga da yawa lokaci guda, a kasu ƙungiya-ƙungiya, a gina gari, a kare shi, ana yi ana magana da juna ta abin kunne. Wasan yana bukatar na'ura ɗaya da za ta zauna a kunne, ita ke haɗa kowa da kowa. Saba suke ce mata. Mutumin nan ya ce shi zai riƙe. Ya gyara wata tsohuwar kwamfuta, ya kafa ta a ƙuryar shago, ya ja mata wutar sola.

Samarin Gwarzo suka shigo, na garin Jama'a suka shigo, na Gude da Masanawa can Kabo, har da waɗanda neman abinci ya kai Legas. Duk wata a yi karo-karo na data da gyara. In an kira salla ya dakatar da wasan, sai an idar ya buɗe. Iyaye suka ga yara sun rage yawon banza, suka sa masa albarka. Sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Saba.

A cikin wasan akwai ɗakunan hira. Abokai biyu za su iya shiga ɗaya su rufe. Wani ya taɓa tambayarsa, "Mai Saba, in mun rufe ɗaki kana jin mu?" Ya ce, "Wallahi ko ni ba na ji." A ranar gaskiya ya faɗa, iya saninsa ke nan.

Da damina ta yi nisa batirin solar ya mutu. Kowa kuɗinsa yana gona, karo-karo ya yi rauni. Mutumin ya sayar da ragon da yake kiwo ya sayi sabon batir. Wasa ya dawo, aka ci gaba da shewa, babu wanda ya ce masa sannu. Abin ya tsaya masa a rai.

A wajen gyaran nan ne ya gano cewa mai riƙe da saba yana iya shiga kowane ɗaki ba a gan shi ba. Ranar farko ya rufe da sauri. Sai Shaiɗan ya zo masa da lissafi. Na'urar ba taka ba ce? Ragon wa aka sayar? Mutum ba zai san abin da ake faɗa a gidansa ba?

Ya fara saurare. Bayan la'asar, in ciniki ya lafa, ya shige ƙurya ya sa abin kunne. Ya san mai neman aure a ɓoye, ya san wanda ya yi faɗa da mahaifinsa. Sai ya haɗu da mutum a kasuwa su gaisa, shi yana kallonsa da abin da ya sani. Ya ji daɗin hakan. Rantsuwar da ya yi kuwa bai koma ya warware ta ba.

Akwai wani saurayi a Gude, Uwaisu, ɗan Malam Zainulabidin mai makarantar Islamiyya. An sa masa rana da Naja'atu, 'yar Alhaji Datti. Amininsa tun ƙuruciya shi ne Badaruddeen, wanda yake aikin gini a Legas, kuma a ɗakin wasan suke hira. Wata rana mutumin yana saurare, Uwaisu ya ce, "Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba bayan Baba da Inna. Ina da farfaɗiya. Ina shan magani, na daɗe ban faɗi ba. So nake in je da kaina in gaya wa Alhaji kafin ɗaurin aure, amma tsoro nake ji."

Badaruddeen ya ce, "Ka bari in dawo da kaka, mu je tare."

Da nan hirar ta tsaya, da wataƙila ba a yi komai ba. Amma suka gangaro kan karo-karo, Uwaisu ya yi dariya ya ce, "Ni dai ina zargin Mai Saba yana shan shayi da kuɗinmu." Wasa yake yi. Mutumin da ke ƙurya bai ji shi a wasa ba. Ya tuna ragonsa, zuciya ta ɗebe shi.

Washegari da safe a teburin mai shayi ya saki maganar, kamar ba da gangan ba. "Allah sarki yaron nan na Malam, ashe faɗuwa yake yi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya 'yan uwa, ciwo ba abin kunya ba ne, jarrabawa ce. Amma kun san bakinmu. Kafin maganar ta isa Gude an ƙara mata aljanu, an ƙara mata hauka. Alhaji Datti ya ji a bakin duniya abin da ya kamata ya ji a bakin surukinsa, ya ce an yaudare shi, ya mayar da kaya.

Uwaisu ya san mutum ɗaya ya faɗa wa. Badaruddeen ya yi ta rantsuwa ta waya, Uwaisu bai saurare shi ba. Da kaka ta yi Badaruddeen ya dawo, ya bi Uwaisu har gona don ya wanke kansa. Magana ta yi zafi. Uwaisu ya ɗaga ƙotar fartanya, ya sauke masa sau ɗaya. A hanyar asibitin Kano Badaruddeen ya cika, kuma waɗanda suka riƙe shi a mota sun ce abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ku gaya masa ba ni ba ne." Hukuma ta tafi da Uwaisu.

Mutumin nan ya je jana'iza. Ya dawo ya kashe saba, ya ce lalacewa ta yi. Abinci ya daina shiga. In mota ta tsaya a ƙofar shago sai hannunsa ya saki abin da yake riƙe.

Sai labari ya zo masa cewa Malam Zainulabidin ya fito bin sawun maganar. Dattijon ba ya faɗa da kowa. Ya yi sallama, ya zauna, ya ce, "Don Allah, daga bakin wa ka ji?" In an faɗa masa ya yi godiya ya wuce wajen na gaba. Aka ce yana Masanawa. Aka ce ya shigo Kabo, wajen wani direba. Aka ce an gan shi a tashar Gwarzo. Kowace safiya mutumin yana jin Malam ya ƙara matsowa. Ya yi tunanin gudu, ya rasa inda zai ce wa iyalinsa za shi. Ya yi tunanin ya riga Malam zuwa ya faɗi gaskiya, ya kasa.

Kafin Malam ya iso, wata tsohuwa ta riga shi. Inna Fatsuma ce, mahaifiyar Badaruddeen. Ta tsaya a bakin shago ta ce, "Ɗana, an ce muryar yarona ta cikin injinka take bi in yana Legas. Ko akwai 'yar saura a ciki? So nake in ƙara ji."

Ya sunkuyar da kai kan wayar da yake gyarawa. Ta jira, ta ba shi haƙuri don ta dame shi, ta tafi.

Ran da Malam ya zo tare da mai shayi, bai ko zauna ba. Ya ce, "Mai shayi ya ce a bakinka ya fara ji. Kai kuma daga bakin wa?"

Babu sunan da zai bayar. Ya waiwaya ya kalli ƙurya, Malam ya bi idonsa ya ga na'urar. Mutumin ya durƙushe ya faɗi komai a gaban jama'ar da ta taru.

Malam bai zage shi ba. Ya ce, "Ɗana yana tsare yana tsammanin amininsa ne ya ci amanarsa. Yanzu sai in je in gaya masa wanda ya kashe ba shi da laifi. Ka ga aikin da ka ba ni." Ya juya ya tafi.

Daga ranar babu wanda ya sake miƙa masa waya. Wa zai ba shi, da duk abin da ke cikinta? Shago ya rufe. Matarsa Ladidi ta tambaye shi ko ita ma yana sauraronta in tana waya da 'yan gidansu, ya rantse, ta ce rantsuwarsa ta riga ta san kuɗinta, ta kwashe yara. Yanzu yana zaune a zauren yayansa. In mutum biyu suka rage murya a kusa da shi sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ɗauki makami ba, bai yi sata ba. Hidima ya yi wa jama'a, har da dukiyarsa. Amma hidima ba ta halatta maka asirin wanda ka yi wa. Allah ya hana mu leƙen asirin juna, kuma malamai sun karantar da mu cewa mai sauraron zancen mutane ba da sonsu ba, narkakkiyar dalma za a zuba masa a kunne ranar ƙiyama. Yau nawa ne a cikinmu ke riƙe da zauren hira na waya? Nawa ne aka ba wayar wani su gyara, ko su sa caji? Kai da ka buɗe saƙon da ba naka ba, ka san inda zai tsaya?

Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya sassauta wa wanda ke tsare, ya karɓi tuban mai tuba. Allah ya kiyaye mana kunnuwanmu da harsunanmu, ya kiyaye mu daga ranar da za a tambaye mu daga bakin wa muka ji, mu rasa amsa. Amin.